Tombolar da Ba Ta da Dillali

Kwana huɗu ke nan Harisu bai tako ƙofar gidan Mainassara ba, kuma ba don ba ya so ba. Korarsa aka yi, kora ta gaban mutane, har da nuna masa hanya da sanda.

Haula na tsakar gida tana shanya cuku a kan rumfa, hannu na aiki, ido na zubar da hawaye. Shekararta ashirin da huɗu. Ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta Rahamatu, kuma duk matafiyin da ya bi ta tashar Dakoro ya san cukun Haula. Shekara biyu suna soyayya da Harisu, mai gyaran talho, wato wayar hannu, a bakin kasuwa. Saura kaɗan manyansa su zo neman aure, sai ga masifa ta faɗo ta cikin talhon babanta Mainassara.

Saƙo ne ya shigo da Faransanci, da hoton wata takarda mai tambari har uku. Wai lambar talhon Mainassara ta ci wata gasar sa'a, Babbar Tombolar Tauraron Sahara, miliyan ashirin da biyar! Ba a jima ba wani mai murya kamar an shafa mata man shanu ya kira, ya ce shi ne dirakta, daga Yamai yake magana. Abu guda ya rage, a tura kuɗin dosiye, wato na cika takardu, jikka ɗari uku kafin rana ta faɗi ranar kasuwa. In ba haka ba, rabon ya wuce ga wani.

To, shi Mainassara dillalin shanu ne, shekara arba'in yana cikin kasuwar dabbobi. Daga tafiyar saniya yake gane shekarunta. Karatun boko ne kawai bai yi ba, shi ya sa ya miƙa wa Harisu talhon a zaure, ga baƙi cike, ya ce ya karanta wa jama'a albishir.

Harisu kuwa, Allah ya ba shi gaskiya amma bai ba shi dabarar faɗinta ba. Yana gama karantawa sai ya yi dariya ya ce, “Haba Baba, ai wannan ƴan damfara ne. Ko yaro ba zai faɗa wannan ramin ba.”

Ko yaro! A zauren Mainassara, a gaban ƴan'uwansa dillalai! Kai, ni ma da nake ba ku labari sai da na ji kunyar ta kama ni.

Shi ke nan hanya ta buɗe wa Abdulmumini, ɗan Alhaji Zakari mai kamyo, manyan motocin nan na kaya. Alhaji Zakari shi ne babban mai sayen shanu ta hannun Mainassara, yana lodawa zuwa kudu. Ɗansa ya shekara yana aiko wa Haula turare da atamfa, tana mayarwa. Ranar ya karɓi talhon, ya karanta saƙon da ƙarfi yana jan kowane harafi, ya rantse gaskiya ne, ya ce ai hassada ce kawai irin ta wanda bai ajiye ko akuya ba.

“Ke ɗiyar nan, hawayenki za su ɓata cukun mutane.”

Gwaggo Azumi ce, ƙanwar Mainassara, ta shigo tana gyara mayafi. Ta ja turmi ta zauna a kai.

“Ni ban ga abin kuka ba. Ɗan Alhaji fa ake magana. Gida na siminti, mota, ga ubanki zai zama mai miliyoyi. Shi wancan mi gare shi? Rumfa da wayoyin mutane!”

“Gwaggo, shi nake so.”

“So! Mu da aka yi namu ba so, mutuwa muka yi?”

“Gwaggo, Baba bai taɓa sayen tikitin tombola ba. Ta yaya mutum zai ci abin da bai shiga ba?”

“Ikon Allah kike tambaya? Rufa wa kanki asiri. Ki share fuska, yana kiranki.”

Mainassara na zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, talho a gefen gwiwa, yana ta dubansa kamar mai gadin jariri. Haula ta durƙusa nesa kaɗan.

“Uwata,” ya ce. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. “Matso. Gobe kasuwa. Dirakta ya kira sau uku yau, ya ce mutane na layi suna jiran in yi sake. Abin da ke hannuna na mutane ne, ba na taɓawa. Goshi nake so ki ba ni.”

Haula ta ɗago kai da sauri. Goshi jar saniya ce ƴar Azawak mai farin goshi, ita ce gadon da Rahamatu ta bar mata. Da nononta take cukun nan.

“Baba, saniyar Inna?”

“Kwana nawa ne? Kuɗin na zuwa in saya miki goma irinta.”

“Babu irinta, Baba.”

Haula ta ga maganar ta taɓa shi, amma ya kau da kai.

“Ba zan ƙwace miki ba. Kin san ni, ban taɓa sayar da dabbar mace ba sai ta sallama da bakinta, ko ɗiyata ce. Gobe za ki zo kasuwa ki faɗa da kanki.”

“Baba, in Harisu ya yi maka rashin kunya, ni na ba ka haƙuri a madadinsa. Wallahi bakinsa ne ya fi shi sauri, amma zuciyarsa...”

“Kar ki sake kawo mini sunan yaron nan!” Sandarsa ta bugi ƙasa. “Ni za a yi wa dariya a zaurena? Ni da na kama ɓarayin shanu tun ba a haifi ubansa ba? Ba zan yi miki dole ba, Uwata, ban yi wa kowa ba. Amma muddin ina numfashi, ban ba shi ke ba. Kuma ki sani, jiya Alhaji Zakari ya yi mini magana a kan ɗansa, na ce masa na ba su izini su turo ranar Litinin.”

“Ka ba su, Baba?”

“Na ba su.”

Haula ta fashe da kuka, kuka mai sauti, har Gwaggo Azumi ta leƙo. Duk Dakoro an san in Mainassara ya ce ya bayar, magana ta ƙare. Ta tashi ta shige ɗaki, ranta a ɓace, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san ubanta ba mugu ba ne.

*

Washegari da hantsi ta ɗauki kwandon cuku ta ce za ta tasha. Ba ta yi ƙarya ba, ta je. Amma daga can ta zagaya ta bayan masu goro ta tsaya a rumfar Harisu.

Yana sunkuye a kan wani talho da ya fasa, ga wasu talatin jere a kan tebur suna shan sharji. Ya rame. Yana ɗago kai ya gan ta, sai ƴar sukurdirebar ta faɗi daga hannunsa.

“Haula!”

“Kar ka Haula ni. Ka ji daɗi? Bakinka ya ja mana. Ranar Litinin mutanen Abdulmumini za su zo, yau kuma za a sayar da Goshi.”

Ya dafe kai. “Innalillahi. Haula, ki yafe ni. Kwana huɗu ban ci abin kirki ba, ina ta maimaita maganar nan a raina ina tsine wa harshena. Amma wallahi ƙarya ce. Dubi nan.”

Ya ɗauko nasa talhon ya nuna mata hotuna uku. Takarda iri ɗaya, tambari uku iri ɗaya, miliyan ashirin da biyar iri ɗaya, suna ne kawai ya bambanta.

“Wannan na wani bawan Allah ne daga Kornaka, ya kawo mini in karanta masa, ya ji maganata ya tsira. Wannan na wata mata ne a Ajekoriya. Wannan kuwa makiyayi ne daga Tagris, raƙuma biyu ya sayar. Da ya tura na dosiye suka ce saura na duwan, wato kwastan. Da ya tura wannan suka ce saura na banki. Ranar da ya ce ba shi da sauran komai, lambar ta mutu. A nan ya zauna yana kuka, dattijo da gemu.”

Haula ta sake duban hotunan.

“Kullum hanyarsu guda ce,” Harisu ya ci gaba. “Ka ci abin da ba ka shiga ba. Ka biya kafin a ba ka. Ka yi sauri. Kada ka yi shawara. Faɗa mini, Baba ya tura musu hoton katinsa? Ya ba su lambar sirrin asusun talhonsa?”

“Abdulmumini ya so a tura katin. Yana cikin akwatina, na ce ban gan shi ba.”

“Allah ya yi miki albarka. To tashi mu tafi. Yanzu zan shiga kasuwar dabbobi in nuna wa kowa hotunan nan.”

Ya miƙe zai rufe rumfa. Haula ta tare hanya.

“Ba inda za ka.”

“Haula, saniyarki fa!”

“Ubana fa! Ka kunyata shi a zaure bai ishe ka ba, sai ka ƙara a tsakiyar kasuwa? Ko da ka fi kowa gaskiya, in ka sa aka yi wa Baba dariya yau, wallahi gara ya yi asarar shanu goma da ya ba ka ni. Ni ma kuma ba zan aure wanda ya zubar mini da uba a ƙasa ba.”

Ya koma ya zauna a hankali. Idonsa ya cika da ƙwalla.

“To mi zan yi? In zuba ido a ɗauke ki? Haula, ba ni da kamyo, ba ni da gidan siminti. Ke kaɗai ce abin da nake da shi da zan nuna wa duniya in yi alfahari.”

Ita ma hawayen suka zubo. Ta share da bakin mayafi, tana kallon shanun da ake korawa ta bakin hanya. Can sai ta ce, “Baba bai san talho ba. Amma ya san ɓarawo.”

“Kamar yaya?”

“In baƙo ya kawo saniya kasuwa ba wanda ya san shi, Baba sai ya tsaya tsakaninsa da ita, ya tare masa gani, ya ce, wannan tsagar da ke kunnenta na hagu kai ka yi ta? Alhali babu wata tsaga. Mai saniya na gaskiya zai ce wace tsaga? Ɓarawo kuwa sai ya ce e, ni na yi. Tun ina ƙarama nake jin ana ba da labarin.”

Harisu ya zuba mata ido.

“Shi zai kama su da kansa,” ta ce. “Kai kuma in ka zo, ka tsaya nesa. Kome aka yi, kome aka ce maka, ka kama bakinka. Za ka iya?”

“Zan iya.”

“Ban yarda ba, amma Allah ya sa.”

*

Rana ta take tsaka lokacin da Haula ta shiga kasuwar dabbobi. Kukan shanu, ihun dillalai, warin kashi da zufa, ga Fulani da Buzaye kowa riƙe da sandarsa. Goshi na ɗaure a turke a ƙarƙashin bishiyar bedin da Mainassara ke zama. Tana hango Haula ta yi kuka ta ja igiya.

An riga an yi ciniki. Mai saye na tsaye, wani mahauci mai jan ido, yana ta lallatsa cinyar saniyar. Mahauci! Haula ta ji kamar ta kurma ihu. Ga Abdulmumini a gefe cikin shadda mai ƙyalli, takalminsa bai dace da wurin ba ko kaɗan, yana ta duba agogo.

“Baba, a yi sauri,” yake cewa. “Dirakta ya ce ƙarfe huɗu suke rufe buro, su tashi aiki.”

Mainassara ya kwance igiyar ya miƙa wa ɗiyarsa, bai yarda sun haɗa ido ba.

“Uwata, ga mai saye, ga shaidu. Faɗi.”

Dillalai suka matso. Haula ta riƙe igiyar da hannu biyu, ta durƙusa a gaban ubanta cikin turɓaya. Ta yi magana yadda kowa zai ji ta.

“Baba, ni da Goshi duk naka ne. Zan sallama. Alfarma guda nake roƙo kafin nan.”

“Ina jinki.”

“Tun da na yi wayo ban taɓa jin ka yi ciniki da baƙon da ba shi da dillali ba. Wanda ba a san gidansa ba, ba a san wanda ya tsaya masa ba, sai ka gwada shi tukuna. Wannan dirakta baƙo ne, Baba. Ba wanda ya ga fuskarsa. Ka gwada shi yadda kake gwada baƙi, in ji da kunnena, sai in saki igiyar nan da farin ciki.”

Abdulmumini ya yi tsaki. “Haba Haula, dirakta guda za a tsaya yi wa tambayoyin kasuwa? In ya yi fushi fa?”

Amma maganar ta riga ta shiga kunnen dillalai. Wani tsoho mai haƙori ɗaya ya buga cinya.

“Wallahi ɗiyarka ta yi magana, Mainassara! Kai da ko ɗan limami ka gwada?”

“A buɗe mishi baki mu ga haƙoransa!” in ji wani, aka kwashe da dariya.

Mainassara ya dubi jama'a, ya dubi ɗiyarsa. Wani abu ya motsa a fuskarsa. An taɓo shi a inda yake taƙama, kuma ba zai ce ba zai iya ba. Ya miƙa wa Abdulmumini talho.

“Kira shi. Ka sa kowa ya ji.”

Bugu ɗaya aka ɗauka. Muryar nan mai santsi ta cika gindin bedin.

“Alo, Alhaji Mainassara! Mai sa'a! An turo?”

Mainassara bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba. Ya jingina da sandarsa, ya lumshe ido, muryarsa ta koma irin wadda yake ciniki da ita, a hankali, kamar mai jin barci.

“Ana hanya, ranka ya daɗe. Na ce, mu nan kasuwa, dillali ba ya cin la'ada sai an miƙa saniya. Mi zai hana ku cire kuɗin dosiyen daga cikin miliyoyin, ku turo mini saura? Ku ma cire ninki biyu, na yafe.”

“A'a, a'a, Alhaji, doka ta hana. Kuɗin a rufe suke a banki, ba a taɓawa. Sai ka turo naka. Ka yi sauri, akwai wani a nan yana roƙo a ba shi.”

Dillalai suka kalli juna. Haula ta hango Harisu can bayan shinge, ya harɗe hannu a ƙirji, ya cije leɓe kamar zai huda shi.

“To, na ji,” in ji Mainassara. “Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Ni dai ban tuna na shiga tombolar nan ba.”

Ya ƙara matsawa kusa da talhon.

“Ko matata ce ta saya mini tikitin? Rahamatu. A watan jiya. Duba takardunku.”

Haula ta toshe baki da hannu. Ba ta zaci sunan da zai kira ke nan ba.

Aka ji motsin takardu a talho, har da ɗan tari na manya.

“Wala! Ga shi nan, Alhaji! Madam Rahamatu, ita ce ta sa lambarka. Ai jiya ma ta kira sakatariyarmu, ta ce a taimaka a lallashe ka ka tura da wuri. Mace mai kirki, wallahi. Ka gaishe ta.”

Gindin bedin ya yi tsit. Ko mahaucin ya janye hannunsa daga jikin saniyar.

Mainassara ya karɓi talhon daga hannun Abdulmumini, ya kawo shi daf da bakinsa.

“Jiya ta kira ku?”

“Jiya-jiyan nan, Alhaji.”

“Rahamatu shekararta bakwai a cikin ƙasa. Ni na sa ta a kabari da hannuna. Kai ɓarawo ne, ɗan ɓarawo, kuma da Mainassara na Dakoro kake magana. Allah ya isa tsakanina da kai.”

Ƙit! Aka kashe.

Kai, zo ka ga kasuwa! Kabbara ta tashi. Tsohon nan mai haƙori ɗaya ya jefa hularsa sama. Wani Bafillace ya ɗaga sanda yana ihu, mutane suka baro cinikinsu suna tambayar mi ya faru, labari ya bi kasuwa kafin a ce kwabo.

“Ya kama ɓarawo ta talho!”

“Ɓarawon da ke Yamai, daga nan gindin bedi!”

“Mainassara ke nan, ba a yi na biyunsa ba!”

Haula na durƙushe tana kuka tana dariya, ta rungume wuyan Goshi. Ba ta taɓa jin alfahari da ubanta irin na wannan rana ba. Kowa na ganin jarumi, ita kaɗai ta ga yadda ya juya baya ya goge ido da hannun riga.

Abdulmumini ya yi ta kame-kame. “Ai ni ma tun farko na so in yi shakka. Tambarin ne ya yi kama da na gaske...”

“Yi mana shiru, ɗan Alhaji,” in ji tsohon. “Kai da ka rantse har sau uku.”

Sai wani dillali ya hango Harisu a bayan shinge. Ya nuna shi da baki.

“Af! Ba wancan ne yaron da ya faɗa maka tun a zaure ba, ka kore shi? Kai mai talho, zo nan! Zo ka faɗa wa jama'a, ashe kai ne mai gaskiya!”

Ido ya koma kan Harisu. Fuskar Mainassara ta ɗaure, ya tsaya ƙiƙam yana jiran abin da zai fito daga bakin nan da ya sani.

Harisu ya tako a hankali. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban Mainassara.

“Ni zargi kawai na yi, kuma na yi shi cikin rashin ladabi. Zargi kowa na iya yi. Baba ne ya kama shi, a gabanku. Baba, ka yafe mini abin da na faɗa a zaurenka.”

Ya tsaya nan. Bai ƙara ko kalma ba, bai fito da hotunan da ke aljihunsa ba. Haula ta san abin da shirun nan ya ci masa, ta ji sonsa ya ƙara cika mata ƙirji har yana mata zafi.

Mainassara ya daɗe yana kallonsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya juya ga mahauci ya ce, “Mai saniya ba ta sallama ba. Ka yi haƙuri.” Sannan ya ce wa tsohon dillalin, “A gaya wa mai shela ya zagaya kasuwa. Duk wanda aka ce ya ci tombola a talho, kada ya tura ko dala, ya kai lambar wurin jandarmomi. Wadda ta kira ni ma can za ta.”

*

Bayan la'asar suka kamo hanyar gida, uba a gaba, ɗiya a baya tana jan Goshi. Suka wuce masu gyaran moto. A mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya ta yi gidansu ɗaya ta yi unguwar Alhaji Zakari, Mainassara ya tsaya.

“Uwata.”

“Na'am, Baba.”

“Ke kika shirya wannan, ko shi?”

Ta sunkuyar da kai. “Ni dai roƙo na yi, Baba. Sauran kai ka yi.”

“Hm.” Ya ɗan murmusa, murmushi mai ciwo. “Na yaudari kasuwa, ban yaudari kaina ba. Saura ƙiris in miƙa wa mahauci saniyar uwarki saboda muryar wani ƙato da ban taɓa gani ba. Kwaɗayi ne ya rufe mini ido, ba wani abu ba.”

“Baba, kar ka ce haka.”

“Zan ce. Kuma yaron can yana da abin da zai tozarta ni da shi yau. Na gani a idonsa. An ba shi fili, an kira shi da baki, ya haɗiye. Namijin da zai iya haɗiye gaskiyarsa don mutuncin uban matarsa, zai iya riƙe mace.”

Uban matarsa! Murna ta kama Haula. Amma murnar ba ta kai ko'ina ba ta tuna.

“Baba, ka riga ka ba su Alhaji izini.”

“Na sani. Can za ni yanzu.”

“Zai yi fushi. Rabin cinikinka nasa ne. In ya ɗauke shanunsa ya ba wani dillali fa?”

“Zai ɗauke. Na san Zakari.” Ya gyara riƙon sandarsa. “Tun da na fara dillanci ban taɓa cewa na bayar in dawo in ce na fasa ba. Yau zan faɗa, da bakina, a cikin zaurensa, ba aike ba. Gara a ce Mainassara ya tashi magana sau ɗaya da a ce ya sayar da ɗiyarsa ranar da hankalinsa ba ya jikinsa.”

“Baba...” Kuka ya ci ƙarfinta.

“Ya isa. Kai saniyar gida ki ba ta ruwa, ta sha rana. Ki ce wa gwaggonki ta aika gidan su Harisu, manyansa su zo ranar Litinin.”

Ya juya ya kama hanyar unguwar Alhaji. Haula ba ta motsa ba. Tana tsaye da igiya a hannu tana kallon bayansa, tsoho mai tsohuwar riga da ƙurar kasuwa har gwiwa, yana tafiya a miƙe. A ƙofar gidan ga kamyo biyu an fara lodin shanu, ga Alhaji Zakari kansa zaune a kan kujera, ɗansa tsaye a kansa yana magana yana nuna hanya da hannu.

Mainassara bai rage sauri ba. Ya tsaya a gabansu, ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga murya ya yi sallama, irin sallamar da ake ji har ƙarshen layi.